Na Kai Akwatin Pompina Kano

Tunda na dawo daga Kano ba ku bar ni na sha shayi da daɗin rai a fada, majalisarmu ta hira, ba. Wannan ya ce me na gano, wancan ya ce wai da gaske ne rijiya tana kirana a waya. Na gaji da maimaitawa. Ga shi nan na rubuta, wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba. Kun san ban yi nisa a lakwal, wato boko, ba, saboda haka wanda ya ga kuskure ya haɗiye abinsa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Lawali mai walda na bakin hanyar Kance. Shekaru sun ja, walda ta ci rabin idona, in la'asar ta yi sai in ga ƙofa ɗaya ta zama biyu. Abin da nake sa ran zai riƙe ni ranar da na ajiye ƙarfe shi ne lambuna da ke wajen Dungu: rijiya ɗaya, pompi mai aiki da hasken rana, tattasai da albasa. Damuwar ita ce ni ina shago a Matameye, lambu yana can. Bara pompin ya tsaya ban sani ba, ko da na je tattasai ya kwanta kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Hajara mai ɗakina ta yi magana ɗaya. Ta ce in bana ma haka ta faru a sayar da lambun, ba za ta zuba ido ina raba kaina biyu har in faɗi a hanya ba. Ban yi mata gardama ba, gaskiya ta faɗa.

Maƙwabcina Issufu, malamin kolej, da muke ce wa Mushe kamar kowane malamin boko a nan, shi ya kawo dabara. Mutum ne da ba ya zaman fada, in ya taso daga aiki sai wasa da wayoyin lantarki. Ya haɗa mini wani ɗan allo kore, bai kai tafin hannu ba, irin wanda ake zuba wa umarni daga ordinatar ya riƙe. Allon yana lura da ruwan rijiya, yana lura ko pompi na juyawa. Sannan ya ƙara masa wani ƙaramin allon na wifi, bai fi ɗan yatsa ba. Muka rataye tsohuwar waya mai layi a bukkar lambu, ita ke ba da wifi, allo ya kama, ya aiko saƙo zuwa wayar da ke aljihuna. A kan teburin Mushe abin ya yi aiki, har Hajara ta leƙo ta gani. Ba a jima ba aka canza masa wurin aiki zuwa can wajen Difa, ya tafi ya bar ni da kayan.

Ni kuwa na yi abin da kowannenku zai yi. Kun san lambunanmu, abin da ba a kulle cikin ƙarfe ba na akuya ne ko na ɓarawo. Na yanka faranti mai kauri, na ƙera akwati, na bi kowane gefe da walda, ko tururuwa ba ta da hanya. Na sa masa ƙofa da kwaɗo, na kafa shi a bakin rijiya. Ban taɓa yin aiki mai kyansa ba.

Daga ranar allo ya yi gum. In ina shago, shiru. In na hau babur na je na buɗe ƙofa in duba, sai saƙonni su yi ta shigowa ina tsaye a gabansa. Ina amfanin wanda ba ya gaya maka labari sai ka zo da ƙafarka? Na ce to nisa ne, ba ya iya jefa magana har Matameye. Na kira Mushe, ya ce in je in duba masa fitilar allon. Na je, na buɗe, fitila lafiya, saƙo lafiya. Muka yi ta haka har shi ma dabara ta ƙare masa. Ƙarshe ya ce akwai wasu mutane a Kano da yake hira da su a waya, masu irin wannan wasan, suna taruwa duk Asabar a gidan wani Alhaji Mudi. Ya ce in kai musu. Zafi ya fara shigowa, tattasai ya fara fure, ba lokacin jira ba ne. Na roƙi Ilu maƙwabcin lambuna ya riƙa kunna pompi da hannu, na cire akwati, na ɗauko tsohuwar wayar, na nufi tasha ranar Juma'a da safe.

Direba ya so ya cusa akwatin ƙarƙashin damman rake, na ce a cinyata zai zauna. Kusa da ni wata Hajiya ce mai kai kilishi Daura, kusurwar akwatin tana sukar ta a haƙarƙari duk ramin da muka faɗa.

Ta ce, "Malam, in kuɗi ne a ciki sauka ka sayi taka motar."

Na ce, "Hajiya, da kuɗi ne da ba ki gan ni nan ba."

"To mene ne?"

"Abin da zai sa rijiya ta kira ni a waya."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ja mayafinta, ta juya mini ƙeya har Ɗan Barto, bakin iyaka.

A ɓangarenmu ba a tsayar da ni ba, duk sun san ni. A Kongolam, ɓangaren Najeriya, ne aka yi ta. Ni ban taɓa tunanin yadda akwatin ƙarfe a kulle, da wayoyi ja da baƙi suna leƙowa ta ƙasa, zai zama a idon wanda bai san ni ba. Ma'aikacin ya ce in ajiye a ƙasa a hankali. Na waiga, sai na ga fasinjoji duk sun koma bayan wata bishiya, Hajiya ce a gaba wajen gudu.

Ya ce, "Baba, buɗe."

Makullin kuwa na ɗaure shi a mazagin wandona don kada ya faɗi, na yi masa ƙulli irin na mai tsoron asara. Na tsaya a tsakiyar rana, gaban jama'a, riga a haɓa, ina fama da mazagi. Da ƙullin ya saki sai wandon ma ya nemi ya bi shi. Hannu ɗaya a wando, hannu ɗaya a kwaɗo, haka na buɗe. Ma'aikacin ya leƙa, ya kira wani abokin aikinsa, wancan ya ce ai ƙanwarsa tana haɗa irin wannan a makarantar koyon fasaha. Suka yi dariyarsu, suka ce in gyara wandona in wuce. Ban ji haushinsu ba. Ni ma da ni ne a wurin, sai an buɗe.

Na canza ’yar sefar da ke hannuna aka ba ni naira dami guda, aljihu ya kumbura, na ji kamar wani Alhaji. Kafin mu kai Kazaure na gane kumburi ne kawai. A Daura muka canza mota, a Kazaure muka tsaya Juma'a, taya ta fashe bayan nan kaɗan. Direban ba shi da abin ɗaga mota mai kirki, akwatina aka tokara a ƙarƙashi kafin a samu dutse. Ko lotsawa bai yi ba. Na faɗa wa duk wanda ke wurin cewa ni na ƙera shi.

Mai'aduwa da Daura ina zuwa sayen ƙarfe, amma Kano rabona da ita tun ina saurayi. Ba wadda na sani ba ce. Ɗan adaidaita sahun da ya ɗauke ni daga tasha yana tuƙi yana waya yana faɗa da na gefensa, duk a lokaci ɗaya, kuma ya kai ni lafiya. Na sauka wajen Sale, ɗan baffana, mai faci a Kurna. Ɗaki ne a bayan shago, tabarma da tayoyi, janareton maƙwabci yana kuka a jikin bango. Mu da muke cewa kuranmu, wato wutar lantarki, ba ya zama, mu je mu gani. Su sun daina ma yi wa wuta fushi, in ta tafi ba mai ɗaga kai.

Da safe Sale ya kai ni wajen mai shayi. ’Yan fada, ku riƙe butarku da kyau. Can shayi a ƙaton kofi ake ba ka, fari fat da madara, kamar kunun mai jego, a shanye a tashi. Babu na farko, babu na biyu, babu zama. Burodinsu kuma laushi kamar katifa, ga zaƙi, ba irin dogon namu mai ƙarar ɓawo ba. Amma gurasa, wannan na sara musu. Aka yayyafa mata ruwa, aka barbaɗa ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa da albasa. Na ci har na ji kunyar Sale.

Gidan Alhaji Mudi garejin mota ne aka fitar da motar aka sa dogon tebur. Shi tsohon ma'aikacin wayar tarho ne, ya yi ritaya, gemu fari, tabarau a kan hanci. Na zaci yara ’yan makaranta zan tarar. Ina! Manya ne masu iyali, kowa da sana'arsa, wannan abin sha'awa ce kawai ta tara su. Ina shiga da akwati a kafaɗa Alhaji ya ɗaga hannu.

"Jama'a a yi hattara, Badamagare ya sake kawo mana yaƙi, wannan karon da akwati."

Na ce, "Alhaji, da yaƙi ne da ba ku tsaya ba. Gurasa na zo ci."

Aka yi dariya, aka ba ni kujera, shi ke nan na zama ɗan gida.

Abin da na gani a wurin nan shi ya fi tsaya mini a rai. Kafin a fara komai, kowa sai ya ɗora abin da ya lalace masa a makon a kan tebur, ya faɗi yadda ya yi har ya lalace. Akwai wani tire a tsakiya cike da ƙonannun alluna. Wani mai suna Sande, mutumin kudancin Kaduna mai kiwon tarwaɗa, ya ɗaga nasa ya ce ya juya wayoyin batir, ja a wurin baƙi, hayaƙi ya tashi. Aka tafa masa, ya jefa a tire. Wallahi tafi. Mu a nan, wane mai sana'a ne zai tara mutane ya ce ku zo ku ga inda na yi shirme? Ni da na koyi walda, in maigidana zai saita inji juya mini baya yake yi, sai da na shekara ina leƙe ta ƙarƙashin hammatarsa. Su kuwa in ɗaya ya gano abu, jikinsa rawa yake ya nuna wa saura.

Wadda ta karɓi nawa Malama Rabi ce, ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini a wani asibiti. Ta haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai da ke gaya mata zafinsa a waya tana wurin aiki. Ta ce in faɗi komai daga farko, kada in tsallake. Na faɗa. Ta sa layinta na biyu a tsohuwar wayata don namu ba ya aiki a can, ta haɗa wayar aljihuna da wifin gidan, ta ba allon wuta. Ƙofar akwati a buɗe, saƙo ya shigo.

Na ce, "Kin gani. In ina kusa ba ya gardama."

Ta ce, "To Baba, rufe."

Na rufe. Muka jira. Shiru.

"Buɗe."

Na buɗe, waya ta yi ƙara.

"Baba, ka matsa daga inda kake tsaye?"

"Ko taku ɗaya."

 Ta ɗauki wayarta ta saka cikin akwatin, ta rufe, ta ce Sande ya kira ta. Sande ya sa a lasifika, muka ji ana cewa ba a samun mai wannan lamba. Ga wayar a gabanmu, cikin ƙarfena.

Na zauna. Wata nawa ina zargin nisa, ina zargin Mushe, har na fara zargin ko wani ya yi wa lambun baki. Ashe ni na toshe masa baki da hannuna, kuma da na fi iya walda da ya fi yin shiru. Mushe bai taɓa tambayata a cikin me na sa shi ba, ni kuma ban ga abin faɗa ba. Wa zai ce maka ya sa wa ɗakinsa ƙofa?

Alhaji Mudi ya ce, "Badamagare ya kama bawa ya kulle, yana mamakin bai ji waƙarsa ba."

Sande ya ce kada in damu, shi a tukunyar miyar matarsa ya fara sa nasa saboda ruwan sama, sati biyu yana zagin kamfanin layi. Malama Rabi ta jawo ƙaramin allon wifin ta nuna mini wani zane mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji a bakinsa, ruwan zinariya. Ta ce nan ne bakinsa, nan ne kunnensa. Maganarsa tana ratsa roba, tana ratsa katako, tana ratsa bangon ƙasa in bai yi kauri ba, amma ƙarfe mayar da ita yake. Ta ce su duk a robar abinci suke sa nasu.

Na ce, "Malama, robar abinci a lambun Dungu? Kafin azahar akuya ta cinye, in ta rage ɓarawo ya ƙarasa."

Nan fa gardama ta tashi, kowa da tasa, kamar lambun nasu ne. Wani ya ce a sayi allon da ake ɗaura wa eriya ta waje. Wani ya ce a binne robar. Alhaji ya ce a bar babban allo cikin ƙarfensa tunda mutumin nan ba zai rabu da ƙarfe ba, a ƙara wa ƙaramin tsawon waya kaɗan, a yanka taga a gefen da ke kallon bukka, a leƙo da bakin nan waje, a rufe shi da roba mai kauri. Malama Rabi ta ce wayar kada ta yi tsawo, in ta yi tsawo maganar tsakanin allunan biyu za ta rikice. Aka tsaya a nan.

Yanka tagar ni na yi, a shagon wani mai walda a bakin layin. Ya ara mini injin yanka ba musu, amma da zai saita nasa injin sai ya juya mini baya. Na ce a raina, to, mu dai ko'ina ɗaya muke. Ban ji daɗin huda akwatin nan ba, ba zan ɓoye muku ba. Muka yanko gindin wata tsohuwar jarka ruwan ɗorawa, na ɗaure ta kan tagar da ƙusoshi daga ciki.

Da aka zo haɗa wayoyin na miƙa wa Malama Rabi, ta ƙi karɓa. Ta ce in ya tsinke a Dungu ba ta nan, ni zan yi. Na ce idona ba ya ganin waɗannan ƙananan ramuka. Alhaji ya jawo wani madubi mai fitila a jiki, ya saita mini. Jama'a, ramin da ban iya gani ba ya zama kamar bakin kofi. Dalma ce ake narkarwa da ɗan ƙarfe mai zafi, walda ce ta jarirai. Na farko ya yi tuwo, ta ce in sake. Na biyu ya zauna. 

Saura abu ɗaya. Saƙonnin da Faransanci Mushe ya rubuta su, ni kuwa sai na tsaya ina haɗa baƙi. Ta kira shi a waya, ko minti bai ɗauka yana tunani ba ya turo mata duk umarnin da ya rubuta. Ta buɗe kwamfuta, haka suke ce wa ordinatar, ta ce me nake so ya riƙa cewa. Na ce in pompi ya tsaya ya ce, "Lawali, taso." In ruwa ya ja baya ya ce, "Ruwa ya yi ƙasa." In komai lafiya, ya gaishe ni da safe kawai ya yi shiru. Ta rubuta. Na rufe ƙofa, na sa kwaɗo, na fita har bakin titi. Sande ya zare wayar da ke madadin pompi. Aljihuna ya yi ƙara.

Na tambayi abin da zan biya. Alhaji ya ce a nan ba a biya, amma duk wanda aka gyara wa abu sai ya koya wa wani. Ya ce kuma in tashi in ba su wuri kafin in cinye musu gurasar gari.

Dawowa ba wani labari, sai dai makullin a aljihu na sa shi. Na kafa akwati, taga tana kallon bukka, na mayar da layinmu cikin tsohuwar waya, na sallami Ilu da godiya. Kwanaki suka wuce, kullum da safe gaisuwa, sai shiru. Hajara ta ce gaisuwa ba ta shayar da tattasai.

Ranar wata Talata da hantsi ina yanka ƙarfen ƙofar wani, inji yana kuka, sai ga Hajara a bakin shago da mayafi a karkace, wayata a hannunta. A gida na manta ta. Ta ɗaga mini ita a fuska.

"Tun ɗazu take kiran sunanka."

Na hau babur. Na tarar pompi a tsaye, ɓera ya ci wayar da ta taho daga faifan hasken rana. Ƙasar kwamin tattasai da sauran danshinta, ganye ko lanƙwasa bai yi ba. Na haɗa waya, na naɗe, ruwa ya taso. Na zauna bakin rijiya na daɗe ban tashi ba.

Da na koma gida na jira Hajara ta yi maganar sayarwa ko ta janye ta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ajiye mini tuwo ta ce, "Kai in injin nan yana kuka ko kiran salla ba ka ji, kuma rabin kwanakin duniya wayarka a gida take kwana ta wuni. A sa ya riƙa kiran tawa."

Na ce ban san yadda ake yi ba. Ta ce in tambaya. Na kira Malama Rabi na yi mata bayani, ta yi dariya ta ce, "Baba, ba ni Hajarar, da ita zan yi."

Na miƙa mata waya na ci tuwona. Albasa muna sa ran cirewa bayan salla, wanda ke so ya yi magana da Hajara.